Wanne Kare Za Ka Tafi Da Shi, Nasiru?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa ka sauka Bebeji a sa'a, ya haɗa ka da maƙwabta nagari, ya sa albarka a aikin da ka samu a gonar kajin nan ta wajen Bagauda, ya tsare ka daga sharrin hanya, da na mutum, da na dabba. Amin.

Ba zan ɓata takarda a kan labarin gida ba, tunda za ka dawo ɗaukar matarka Hauwa da 'yarka Ummi, ka gani da idonka. Tambayar da ka yi mini a zaure ranar tafiyarka ita ta sa na nemi biro. Ka ce, "Baba, ina so in riƙe kare a can. Ko dai ka ba ni jan kwikwiyon nan da Walƙiya ta haifa, ko in karɓi wani ɗan ƙarami da abokin aikina ya ce zai ba ni. Wanne ka ga ya fi?" Ka miƙo mini wayarka. Na ga wani abu fari sol, bai fi zomo ba, an sa masa riga, yana kwance a kan katifar mutum, wata mata tana taje masa gashi. Na ce mene ne wannan, ka ce kare ne. Na ce to, in jan kwikwiyon ka ɗauka, a ina zai zauna? Ka ce akwai wani lungu tsakanin banɗaki da katanga a gidan hayar, nan za ka ɗaure shi.

Ka ga na yi shiru har mai mota ya gaji da jiranka. Wataƙila ka ɗauka raina tambayar na yi. Wallahi bakina ne ya mutu. Ban taɓa zaton ɗan da ya tashi a gidan nan, ya ga yadda karyar farautarmu Walƙiya take rayuwa, zai buɗe baki ya ce zai ɗaure jininta a lungun banɗaki ba. Da motarku ta ɓace na koma na zauna na zabga tagumi. Mahaifiyarka ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Maganar da na taɓa yi wa Kawu Ɗanjuma ce yau ɗanki ya maimaita mini, ko wasali bai canza ba." Ta ce, "Innalillahi." Ita ta san zancen.

Kai ma ka san shi sama-sama, irin sanin da yaro ke yi wa abin da manya ke yanke maganarsa in ya shigo. Yau zan ba ka shi gaba ɗaya.

Tun kafin a haife ka, farauta ce rabin rayuwata. In an kawar da amfanin gona, mukan bi Kawu Ɗanjuma, ƙanin Inna mahaifiyata, mu shiga jejin da ke wajen iyakar gandun Falgore, mu nemo zomo da gafiya da fakara, wani lokaci Allah ya ba mu gada. Ina da wani baƙin kare mai farin ƙirji, sunansa Tsawa. Ni na raine shi tun idonsa bai buɗe ba. Doguwar ƙafa, siririn ciki, in ya miƙe da gudu sai ka ce ƙasa yake naɗewa. Ba ya haushi a kan nama. Sai ya kwantar da kunne, ya yi ƙasa da ƙirji, ya saci jiki, sannan ya fashe. Cinya yake kamawa ya girgiza. In na ce "Saki!" sai ya saki, ya zauna yana kaɗa jela, yana jiran in shafa kansa in jefa masa kayan ciki. Ni na koya masa wannan da hannuna, kuma ina taƙama da shi a gaban mafarauta.

Da na samu aiki a injin casar shinkafa a Tudun Wada, na tattara mahaifiyarka da yayarka Rabi, tana goye, muka kama ɗaki a gidan haya. Na ce da Tsawa zan tafi. Kawu ya ce, "Ina za ka ajiye shi?" Na ce akwai wani lungu kusa da makewayi, zan ɗaure shi. Kawu ya dube ni ya ce, "Idi, karen da ya saba karya kumallo da gudu ba a ɗaure shi. Bar mini shi, duk ranar da ka zo ka same shi." Na ce, "Kawu, zai saba." Ba wani amfani nake hange ba. So nake mutanen gari su ga ɗan ƙauye ya zo da kare irin wanda ba su taɓa gani ba.

Bai saba ba. Da fari kuka ya riƙa yi, irin mai tsawon nan da ke sa mata neman tsari. Daga baya ya bar kukan, ya koma tona ƙasa har ya yi rami a gindin katanga. Igiya ta cinye gashin wuyansa. Ni kuwa in fita da sassafe, in dawo da yamma jikina duk ƙaiƙayi, in zuba masa ƙanzo a kasko in shige ɗaki. Ranar hutu in ce yau zan fita da shi bayan gari, sai gajiya ta danne ni, in ce sai wani makon.

Wata rana mahaifiyarka ta ce mini, "Malam, ba na son irin kallon da karen nan yake yi wa yara. In suna guje-guje sai ya kwantar da kunne ya yi shiru." Nasiru, ni da na fi kowa a duniya sanin ma'anar kwantar da kunnen Tsawa, dariya na yi. Na ce mata kaji yake kallo.

A gidan akwai wani tela, Malam Garba, mutum mai kawaici, da 'yarsa Asabe, 'yar ƙarama da ko makarantar boko ba a sa ta ba tukuna. Ranar kasuwar gari ce, da hantsi, ina tsugune a bakin ƙofa ina wanke ƙafa. Asabe ta fito daga ɗakinsu a guje tana ƙyalƙyala dariya, uwarta na bin ta da mataji za a yi mata kitso. Ta ratsa tsakar gida, ɗan zanenta yana filfilawa. Ban ji haushi ba. Ƙarar tsinkewar igiya kawai na ji, tas! Kafin in ajiye buta ya cim mata. Ya kama cinyarta, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya girgiza, daidai yadda yake yi wa gada.

Na ƙwala ihu, "Saki!" Ya saki. Sannan, Nasiru, ya zauna. Ya zauna a gefen yarinyar nan, jini yana tsartuwa daga cinyarta, bakinsa jajir, yana kaɗa jela, yana kallona, yana jiran in zo in shafa kansa. Ko yau na rufe ido ina ganin jelar nan tana share ƙasa. Uwar yarinyar ta durƙushe bakinta a buɗe. Ni kuwa na tsaya cak ina kallo. Mahaifiyarka ce ta fizge ɗankwalinta ta ɗaure cinyar, ta ce, "Malam, ɗauke ta mana! Tsayuwar me kake yi?"

A kafaɗa na kai ta asibiti. Aka yi mata ɗinki. Likita ya tambaye ni ko an taɓa yi wa karen allurar rigakafin hauka. Na ce, "Ashe kare ma ana yi masa allura?" Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce dole a fara yi wa yarinyar allurai, a kuma tsare karen a ga ko lafiyarsa ƙalau. Kwanakin da muka yi muna wannan jira ban san ɗanɗanon abinci ba. In aka miƙa wa Asabe ruwa ta kau da kai, sai gabana ya yanke ya faɗi, don an ce mana mai wannan ciwon tsoron ruwa yake yi, kuma in ya kai nan sai dai addu'a. Allah ya rufa asiri, Tsawa ba shi da hauka.

Na je na durƙusa gaban Malam Garba, ina jiran zagi ko sammaci. Yana zaune a bakin keken ɗinkinsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Malam Idi, tun ranar da ka shigo da karen nan hankalina bai kwanta ba. Na so in yi maka magana, kunya ta hana ni, na ce baƙo ne. Ka ga inda kunyata ta kai 'yata." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Asaben nan ita ce wadda take aure a Kiru, mai zuwa gaishe da mahaifiyarka da sallah. Ka san tana ɗan jan ƙafar hagu. To, daga ranar ne.

Samarin unguwa suka taru da gorori za su kashe Tsawa. Kawu Ɗanjuma, da aka aika masa, ya iso ya shiga tsakani. Ya ce, "Karen nan bai san ya yi laifi ba. Abin da aka koya masa ya yi. Mai laifin ga shi nan tsaye." Ya nuna ni da gorarsa. Ya kwance shi ya tafi da shi, ya kuma rantse ba zai sake ba ni shi ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, kafin damina ta faɗi gashin wuyansa ya fito, ya koma yadda yake. Ya tsufa a gidan Kawu cikin jikoki, suna hawa bayansa suna jan kunnensa, bai sake kama ɗan mutum ba har ya mutu.

Saboda haka ka buɗe kunne. Jan kwikwiyon nan da kake gani yana tauna maka takalmi, irin su Tsawa ne. Karen farauta abincinsa biyu ne, tuwo da gudu. In ka ba shi ɗaya ka hana shi ɗaya, zai nemo wa kansa abin bi. Dubi Walƙiya: kullum tana biye da ni zuwa gona, kafin in gama kunya guda ta zagaye fadama ta dawo harshe a waje, shi ya sa in ta shigo gida take kwanciya kamar tunkiya. A gidan haya kuwa me ke gudu? Kaji, da 'ya'yan mutane, da Ummi amaryata, wadda yanzu ta fara tafiya tana faɗuwa. Na san za ka ce za ka riƙa fita da shi da yamma. Ni ma haka na ce. In kuma ka ce za ka riƙa tafiya da shi wurin aiki, ka manta gonar me ce? Ranar da ya samu ƙofar ɗakin kajin nan a buɗe, ɓarnar da zai yi kafin a kama shi ta isa ta raba ka da aikin. Sannan kar shirun maƙwabci ya ruɗe ka. Je ka tambaye shi da bakinka. In ya ce "ba komai" yana kallon ƙasa, to akwai komai.

Kar ka ce shi kenan, Baba ya zaɓi ƙaramin. Dakata tukuna. Shi ma na taɓa riƙe irinsa, kana rarrafe lokacin, ba za ka tuna ba.

Bayan rasuwar kakanka na bar injin, na dawo gida nan wajen Doguwa, saboda gona da kuma Inna, wadda idonta ya fara tafiya. Wani injiniya ya zo haƙa rijiyar burtsatse, ya sauka a ɗakin da ke jikin zaurenmu har aikin ya ƙare. Yana da ɗan kare irin na cikin wayarka, sai dai shi babu riga. Da aka tura shi wani wuri mai nisa, ya ce ba zai iya tafiya da shi ba, ya roƙe ni in riƙe. Na karɓa. Da na shigo da shi a hammata, Inna ta laluba bayansa ta janye hannu da sauri, ta ce, "Wannan mage ce ko ɗan tunkiya?" Na ce kare ne. Ta ce a kawo mata ruwa ta wanke hannu, kuma in ya taka ɗakinta sai ta saɓa mini. Aka sa masa suna Auduga.

Bai taɓa taka ɗakin ba. Amma bakin ƙofarta ya zaɓa ya riƙa kwanciya, ko me ya gani, oho. In ta shanya gero a tabarma akuya ta doso, sai ya tashi da ɗan haushinsa mai kama da tari, ita kuma ta ɗaga sanda. In baƙo ne ya shigo haushin daban ne, in ɗan gida ne shiru. Da tafiya ta yi tafiya, Inna ta koma gane mai shigowa da muryar Auduga. Butarta tana rataye a sama, akushinta a rufe, wannan ba ta taɓa sassautawa ba. Amma sai ka ji ta da hantsi a inuwa tana ba shi labarin mutanen da suka riga mu, shi kuma ya ɗora haɓa a ƙasa yana kallonta. Ƙanzon tukunya ta hana kowa, na Auduga ne. Wata rana ya hana ta sa ƙafa a takalmi, yana ta haushi yana ja da baya, da aka duba kunama ce a ciki. Daga ranar ta bar ce masa "abin nan", ta koma cewa "ɗan rakiyata".

A wata kaka garken bika, manyan biran nan, suka addabi gonarmu ta bakin daji. Ka san halinsu da masara, su karya wannan su yar, su karya wancan. Karen da nake da shi a lokacin ƙaya ta soke shi, ƙafa ta kumbura. Na ce a raina, kare ai kare ne, haushi ma kora ne. Na sunkuya na ɗauki Auduga. Inna ta ji motsi ta ce, "Ina za ka kai shi?" Na ce gona, yanzu za mu dawo. Ta ce, "Idi, wannan ba na daji ba ne. Ajiye mini shi." Na ce, "Inna, haushi kawai zai yi." Na sa shi a kwandon keke muka tafi, yana ta murna, iska tana kaɗa masa kunne.

Da muka isa na ɗaure shi a jikin bukka, wai don kar ya ɓata a cikin masara. Ka ji fa, na ɗaure shi. Na gangara rafi in ɗebo ruwa. Ina cika jarka na jiyo ɗan haushinsa, na ce madalla, aiki ya fara. Sai haushin ya koma wata irin ƙara siririya da ban taɓa ji daga bakin dabba ba, sannan ta yanke. Na yar da jarkar na zuba a guje.

Wani ƙaton bika na tarar zaune a ƙofar bukka kamar shi ne mai gonar. Auduga yana hannunsa. Ba zan rubuta maka yadda na gan shi ba, ka dai sani a farin nan babu sauran fari. Igiyar tana wuyansa, ɗaya bakin yana jikin bukka. Bikan ya dube ni ido cikin ido, ya yi hamma ya nuna mini fiƙoƙinsa, ya ajiye abin da ya rage, ya tashi ya tafi a hankali, ko waiwaye bai yi ba. Ni mafarauci, da na sha ganin jini, sai ga ni zaune a ƙasa ina ta salati, na rasa ta inda ake bi a koma gida. Da a sake na bar shi, da ko ƙarƙashin karan bukkar ya shige ya tsira.

Na binne shi a gindin wata ɗorawa. Na turo keke har gida, na kasa hawa. Ina shiga Inna ta ce, "Na ji kekenka, ban ji ɗan rakiyata ba." Na durƙusa na gaya mata.  Ta ce, "Ya yi haushin?" Na ce, "Ya yi, Inna." Ta ce, "To, ya yi abin da ka kai shi yi." Ta lalubi sandarta ta shige ɗaki. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Amma ta daina zaman inuwa da hantsi, kuma an daɗe mahaifiyarka in za ta yi mata wanki tana samun ƙanzo ƙulle a bakin zanenta.

Ɗan ƙaramin kare ba ya gadin kowa, shi ake gadi. In kana tunanin zai tsare maka gida, iyakarsa ya sanar da kai wani ya shigo. Karen unguwa yana iya karya shi da cizo ɗaya. Zafin bazara kaɗai yana iya kwantar da shi, da wannan uban gashin. Kaska in ta shige ciki sai an bi da hannu ana tsincewa. Ko loma ba ya iya nemo wa kansa. Auduga ya ji daɗin gidanmu ne saboda akwai tsohuwa da ke zaune wuni guda tana yi masa hira. In ka kulle irinsa ka tafi aiki, kuka zai yi ta yi har maƙwabta su gaji da ku. Ka kuma tambayi abokin aikin naka me ya sa yake neman rabuwa da shi, don ba a kyautar da abin da bai dami mai shi ba. Rai ne, Nasiru, kuma duk ran da ka ajiye a gidanka Allah zai tambaye ka cinsa da shansa da inuwarsa.

Maganar katifa da riga kuwa, har yanzu ban gama farfaɗowa daga ganin nan ba. Abin da muka taso muka ji daga malamanmu shi ne ana riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko tsaro. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke maka hukunci ba. Ka sami limamin unguwarku ka faɗa masa ainihin dalilinka, ba tare da kwana-kwana ba. Amma ni ubanka ban yarda kare ya hau shimfiɗar da jikata take kwanciya ba, ko ya shiga ɗakin da kuke sallah, ko ya sa baki a kwanon da kuke ci. Inna ta so Auduga iyakar so, amma bakin ƙofa ne iyakarsa.

Akwai wani kuskuren kuma da sai da furfura ta fito na gane shi. A duk karnukan da na shigo da su gida, ban taɓa tambayar mahaifiyarka ba. Ni ne mai kare a baki, ita ce mai kwashe kashinsa, ita ke wanke kasko, ita ke wuni da fargaba. Ka tambayi Hauwa? Na san ba ka tambaye ta ba, don da ka tambaya da zancen bai iso wurina ba. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, a ce mutum yana zaune da mace bai san tana tsoron kare ba. Ni da nake surukinta na lura. Duk lokacin da Walƙiya ta ratsa tsakar gida, sai ta sure Ummi ta saɓa a kafaɗa, ta yi kamar akwai abin da take nema a ɗaki. Kawaici ne ya hana ta faɗa, ta san gidan mafarauta ta shigo. Yanzu za ka kai ta garin da ba ta da kowa, ka fita tun safe, ka bar ta da abin da take tsoro? Zaunar da ita ka tambaye ta. In ta ce "yadda ka gani", ba ta amsa ba tukuna, ka bari a kwana biyu ka sake tambaya.

Ka ce wanne ya fi. Ga amsata. A gidan haya, da 'yar yarinya mai koyon tafiya, a yanzu babu wanda ya fi. Ka zauna tukuna, damina ta wuce a kanka a Bebeji, ka san maƙwabtanka, ka san lokacin fitarka da na dawowarka. In bayan nan Hauwa da bakinta ta ce tana son abin da zai riƙa sanar da ita mai shigowa, mai gidan ya yarda, liman bai hana ba, to ƙaramin ya fi dacewa da wurin. Ka fara kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura kafin ya kwana a gidanka, ka riƙa sabuntawa in lokaci ya yi. Ka yi masa wuri a waje mai inuwa. Kar ka bar shi da Ummi su biyu, komai ƙanƙantarsa haƙori gare shi. In kuma wata rana Allah ya hore maka gona taka da fili, ka zo, in ina raye ni zan zaɓa maka karen gudu da hannuna.

Ina jin na san abin da ke ranka. Ba ka taɓa zama nesa da mu ba, kana so ka tafi da wani abu mai rai daga gidan nan. Ban ga laifinka ba.

Amma jan kwikwiyo kam, cire rai. Na san halinka, na kuma san nawa. In ka dawo ka tsuguna a gabana ka ce "Baba, don Allah", zan iya miƙa maka shi. Shi ya sa na riga kaina. Jiya da safe na kai shi rugar Jauro Bello, makiyayin nan da ke sauka a gonarmu bayan girbi, wanda ya daɗe yana roƙona jinin Walƙiya. Ya ɗaga shi ya duba tafin ƙafarsa da haƙoransa, ya ce, "Malam Idi, wannan a wurina ba zai kwana da yunwar gudu ba." Ina tsaye aka kora shanu. Kwikwiyon ya fizge ya bi bayansu, yana tuntuɓe a kunyoyin gona yana tashi, kunne a miƙe. Na kira shi, bai juyo ba. In za ka yi fushi da ni ka yi, na ɗauka. Ban tuna ranar da ka roƙe ni abu na hana ka ba, sai wannan.

Tun jiyan Walƙiya take zagaye gida. Ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa zaure, ta fita bakin hanya ta tsaya tana shinshina iska, ta dawo ta kwanta kusa da ƙafata. Na zuba mata tuwo ta ƙi ci. Ban kore ta ba. Mahaifiyarka ta dube mu ta ce ni da ita duk ɗaya muke tun ranar da ka tafi.

Ka riƙe sallah a kan lokacinta, ka riƙe amanar mai gona, ka sassauta wa iyalinka. Allah ya kai ka lafiya duk inda ka nufa, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare Hauwa da Ummi daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Allah ya sa kar ka taɓa tsayawa irin tsayuwar da na yi, ya sa maƙwabtanka su kwana lafiya saboda kai. Allah ya yi maka albarka, amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne mahaifinka,
Idrisu